Felun Gwaggo

Gwaggona ta shekara da shekaru tana fama da ciwon ƙafa, amma ita ke tattara mutane aikin unguwarmu a Gaya. Duk wanda ya shigo dubiya, sai ta ce, "Jiki da sauƙi. Tunda kai ƙafarka lau, ɗauki felu, magudanar ruwa ta toshe." Ko kawuna da ya taso daga Tanda cikin farar shadda bai tsira ba.

Da na gano ta, na ɗauke ƙafa. Kwana uku sai ga ta a ƙofarmu, sanda a dama, felu a hagu. "Na ji shiru, na ce lalle kana kwance."

Ranar zaman makokinta, kowa na satar kallon felun nan a jingine. Ni na fara tashi.