Gemun Auduga a Bronx

Shekarar da ɗana ya shiga aji ɗaya a unguwar Morrisania da ke Bronx, wata rana ya dawo gida yana tsalle, wai ƙarshen Oktoba makarantarsu za ta yi bikin Halowin, kowane yaro zai zo da shigar da ya ga dama. Babansa, direban tasi a filin jirgin JFK, ko cokali bai ajiye ba ya yanke hukunci.

"Ba inda za shi. Mu ba ma bikin aljanu. Ranar ya yi zamansa a gida."

Yaro ya bi ya yi sukuku, ko abincin kirki ya daina ci. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don unguwarmu ɗaya da mutumin nan a Kano, kuma duk azumi shi ne uban 'yan tashe. Da gemun auduga yake bin gida-gida ana zuba masa gero. Yau kuma an zo Amurka an zama malam!

Ban yi masa musu ba. Ranar bikin da safe na zura wa yaron tsohuwar rigar babansa, na cusa masa filo a ciki, na liƙa masa auduga a haɓa da salatif, na ba shi sandar tsintsiya, na tura shi falo.

Babansa ya dube shi, ya dube ni. Na gyara tsayuwa ina jiran faɗa.

"Wa ya liƙa gemun nan?"

"Ni ce."

"Da salatif? Haba! Miƙo min zuma."

Ya durƙusa ya ɓamɓare aikina kaf, ya yayyage audugar siri-siri, ya mammanna, har gira sai da ya yi masa. Ya ce tsoho ba ya tafiya a miƙe, ya ranƙwafa ya gwada masa, hannu a ƙugu, yana tarin ƙarya. Yaro ya yi ta ƙyalƙyalewa har gemu yana rawa.

"Amma ka ji ko," in ji babansa, "mu ba ma karɓar candy, alawar nan da ake raba wa yara, a banza. Sai ka yi musu wasa tukuna."

"Okay, Baba."

Na ce, "Malam, ai ka ce ba inda za shi."

"Halowin na hana. Wannan tashe ne." Ya zari makullin mota. "Kuma ni zan kai shi, kada iska ta ɓata min aiki."

Ta taga na hango su a bakin titi, ƙaramin tsoho a gaba yana ɗingishi, babba a baya yana gyara masa tafiya. Da dariya na fara, sai ga ni ina share hawaye da gefen mayafi.