Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba Sai a Penang

Tun kafin a sa ranar tafiyar nan abu ɗaya ke hana ni sukuni, wato Baba. Ɗana ne na fari, shekararsa huɗu, ƙafarsa kuma ba ta san zama ba. A gidanmu na Danau Kota ma sai na kulle ƙofa na rataye mabuɗi can sama, in ba haka ba sai dai a tsinto shi cikin lif yana danne-danne. Ga ni da Turancin da bai wuce na cefane ba, Malay ɗina kuwa, yaren ƙasar, daga makan, wato ci, sai boleh, wato ana iya. In ya ɓace a garin da ban sani ba, da wane baki zan neme shi? Maigida ya ce ba zai samu zuwa ba, malaminsa ya riƙe shi da aiki. Amma ya ce lallai ni in je, tun da muka zo ƙasar nan ban san ko'ina ba sai kasuwa da asibiti.

Muna idar da sallar asuba muka shiga bas. 'Yan Najeriya na benenmu ne suka haɗa tafiyar zuwa George Town, can tsibirin Penang, garin da aka ce Turawan Ingila ne suka kafa shi. Na zauna kusa da maƙwabciyata, wata 'yar Jos mai karatun jinya, ita ce bakina da kunnena duk inda ake Turanci. Titi sumul, ba rami, ba shingen masu tambayar takarda. Dama da hagu itatuwan kwakwar manja ne a jere kamar an auna su da igiya, har ido ya gaji. Da muka kusa garin Ipoh sai ga duwatsu farare tsaye cak, daji ya tsiro a kansu kamar gashi. Sanyin na'urar motar kuwa ya sa na naɗe Baba da mayafina. A wurin hutawa na sayi dafaffiyar masara a kofi, an zuba mata bota da sukari. Da kuɗin kofin nan a garinmu sai ka cika kwano, kuma har yanzu ban gane laifin da masara ta yi aka sa mata sukari ba.

Mun haye teku ta kan wata gada da na zaci ba ta da ƙarshe. Na rufe ido ina salati, Baba yana ihu wai ya ga kifi.

Bayan mun ajiye jakunkuna a masauki aka haɗa mu da ɗan jagora, wani dattijo ɗan Sin siriri, da ƙaramar lasifika a ƙugu da lema rawaya a hannu. Ya ce kowa ya bi lemar. Wannan kaɗai na fahimta a duk bayaninsa na ranar. Yana magana kamar ana soya gyaɗa, mutane su yi dariya, ni ma in yi, sai daga baya maƙwabciyata ta gaya mini abin da muka yi wa dariyar.

Ya fara kai mu tsohon sansanin sojan Turawa a bakin ruwa. Gini ne gajere, katangar gidan hakimin garinmu ta fi shi tsayi. An biya kuɗin shiga don a kalli bango da ciyawa. Akwai wata ƙatuwar igwa da ya ce mata masu neman haihuwa kan ajiye mata furanni. Na dubi igwar nan, na dubi maƙwabciyata, na ce ko dai ba ta ji daidai ba? Ta ce haka ya faɗa. Daga nan sai hasumiyar agogo, sai wata farar coci, sai maƙabartar Turawa. Ban taɓa jin an kai baƙo maƙabarta yawon buɗe ido ba. Mutane na ɗaukar hoto, ni kuwa idona na kan ƙananan kaburburan, na yara, gansakuka ta rufe rubutun. Uwayensu ma nesa da gida suka haife su. Na ƙara damƙe hannun Baba har ya ce ina ji masa ciwo.

Da azahar aka ce za a ci abinci irin na Ingila a wani tsohon gida mai fanka a sama da farin ƙyalle a kan tebur. Na sa aka tambaya, aka ce halal ne. Aka kawo faranti uku a kan juna kamar bene. A ƙasa burodi ne yanka-yanka da kokwamba a ciki, an yanke masa ɓawon, abin da ni na fi so. A tsakiya wani abu kamar fanke da ya bushe, wai a shafa masa kirim da jan zaƙi. Shayin kuwa tsararo, a kofin da ake tsoron riƙewa. Na ɗan taɓa kaɗan, na bar cikina don abincin da ke zuwa. Ina nan zaune ina jira sai na ga ɗan jagora ya ɗaga lema. Ashe an gama ke nan. Wani ɗan Kaduna a cikinmu ya ce yanzu ya gane abin da ya koro Turawa daga ƙasarsu, yunwa ce.

Daga nan muka shiga wasu lunguna masu tsoffin shaguna, kekunan haya da aka yi wa ado da furannin roba suna ta ƙararrawa. A wani bango an manna keke na gaske an zana yara a kai, mutane sun yi layi a rana don hoto da shi. Maƙwabciyata ta miƙo mini wayarta ta ce in ɗauke ta. Hannu biyu na sa. Da na sauke wayar, babu Baba.

Na duba gaba na ga lema rawaya. Na duba baya, wata lema rawayar ce tana shan kwana da wasu mutanen daban. Ashe ba mu kaɗai ke bin lema ba a garin. Ɗan jagora ya tambayi sunan yaron, na ce Baba. Ya dinga kira a lasifika, ya buga wa abokan aikinsa waya, mazan cikinmu suka watsu cikin lunguna. Can sai aka ce an ga wani yaro baƙi a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, amma shi ba Baba ya ce sunansa ba.

A nan sai na yi wa wanda bai sani ba bayani. Sunan mahaifin maigidana aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari. A wurinmu mace ba ta kama sunan surukinta, ba ta kuma nuna ɗan fari nata ne a gaban mutane. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Shi ma Anti yake ce mini, yadda ya ji ƙannen babansa na kirana kafin mu taso. A makarantarsu ta yara kuwa da sunan yanka ake kiransa, shi yake gaya wa duk baƙon da ya tambaye shi.

Muka isa shagon. Ga shi zaune a kan kujerar roba, yana yagar roti, irin gurasarsu, yana tsomawa a miya, wata tsohuwa mai shagon tana yi masa fifita. Na ƙame a bakin ƙofa, don mutanenmu duk sun taru, ban iya rungumar ɗan fari a gaban jama'a ba. Ya ɗago ya ce, "Anti! Makan!"

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ina uwarsa? Aka nuna ni. Ta ce uwa ce za ta tsaya can kamar mai jiran canji? Na buɗe wayata, hotunansa fal, amma babu ko ɗaya da muke tare. Fasfo yana masauki. Na kira maigida, waya a kashe. Ta ja kujerar yaron kusa da ita ta ce in faɗi sunan da ya gaya mata, in ba haka ba 'yan sanda za su raba mu.

Maƙwabciyata ta dafa ni. "Maman Baba, faɗi mana! Ni ma Baba na sani."

Na ce, "Yaya, ba na iyawa. Sunan surukina ne."

"Surukinki yana Najeriya yana shan kunu, ɗanki na nan za a kai shi ofishin 'yan sanda! Wa zai ji? Ni na toshe kunnena, ga shi."

Ta kuwa toshe da yatsu biyu. Na buɗe baki, sau biyu iska ce kawai ta fito. A na uku ya fita, a hankali, kamar ba muryata ba.

Baba ya ajiye rotin. Ya dube ni da mamaki, ya ce da Turancinsu na makaranta, ashe na san sunansa?

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na ɗauke shi da miyar da komai, ina kuka a gaban kowa. Tsohuwar ta ce yanzu ta ga uwa. Ta zaunar da ni ta zubo mini shinkafa, ta kwarara mata miya kala-kala har suka gauraye, da soyayyiyar kaza da kuɓewa a gefe. Shi ne abinci na gaske da na ci a Penang. Ɗan jagora ya yi ta fassara wa tsohuwar al'adarmu, tana girgiza kai, ni ma ina girgizawa, kowa bai gane kowa ba.

Washegari kafin mu taso na roƙi maƙwabciyata muka koma bangon keken nan. Na bi layi a rana kamar kowa, ta ɗauke mu hoto ni da shi, yana kan cinyata.

Mun iso Danau Kota da la'asar sakaliya. Na ba maigida labari, ya ce Allah ya tsare gaba. Har yau ban san ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Tarihin Turawan nan dai ban riƙe komai ba, ban san wa ya gina me ba. Abin da na dawo da shi shi ne, a gida duk unguwa ta san ɗan wane ne ko uwa ba ta buɗe baki ba, a nan kuwa in ban faɗa ba babu mai faɗa mini. A fili na koma kiransa Baba. Amma in ina yi masa wanka, mu biyu, yakan ce in sake faɗa, ni kuma in faɗa masa a kunne.

Roƙona gare ku, mata 'yan uwana da ke riƙe da ɗan fari a ƙasar mutane: ku zaunar da yaron ku gaya masa kun san sunansa, ku kuma ɗauki hoto ko ɗaya ne tare da shi. Wadda kuma ta san surukata, don Allah ta bar labarin nan a nan.