Jif ɗin Malam Ɗan Asabe

A Talata Mafara, idan ka ce Ɗan Asabe kawai, sai an tambaye ka wanne. Idan kuwa ka ce Ɗan Asabe malamin dabbobi, kowa zai nuna maka gidansa, can bayan kara inda ake cinikin shanu. Ɗan mahauta ne. Ubansa da kakansa duk da wuƙa suka ci abinci, shi ma ya tashi yana riƙe ƙafar saniya a kwata. A nan ya fara ganin abin da ya hana shi sakat: a feɗe saniya mai kyan gani, a tarar da hanta duk tsutsa, ko huhu ya manne da haƙarƙari. Yakan tambayi ubansa dalili, uban ya ce ciwo ne, a yanke a yar. Amsar ba ta ishe shi ba. Da ya gama sakandare sai ya tafi koyon aikin dabbobi, ya dawo da takarda da akwatin allura, gwamnati ta ɗauke shi aiki.

Shekara talatin da uku ya yi a kan babur. Bakura, Garbadu, Tsibiri, Maradun, da rugage waɗanda ba su da suna sai na mai su, babu inda tayarsa ba ta taka ba. Ya san shanun noman mutane kamar yadda ya san 'ya'yansu. Yakan dubi sa daga nesa ya ce wannan bai yi tuƙa ba tun jiya, kuma haka ne. Bai iya tsawa ba, ko ga dabba. In ya ga ba ta tashi, yakan faɗa wa mai ita gaskiya tun da sauran lokacin yanka, ba ya ɗora masa sayen maganin banza. Da ya yi ritaya, aikin bai san ya yi ba. Waya ta ci gaba da kira, shi kuma ya ci gaba da zuwa, sai dai ƙauyukan da hanyarsu ta lalace da 'yan bindiga, waɗannan ya koma ba su shawara ta waya.

Babur ɗin ne ya ci masa baya. In ya dawo daga Maradun, sai matarsa Sa'adiya ta dafa ruwa ta gasa masa ƙugu kafin ya iya miƙewa sallar la'asar.

Ɗansu na uku, Imrana, shi ya gaji kara. Yana lodin shanu zuwa Legas, Allah kuma ya buɗa masa. Wata rana aka gayyace su ɗaurin auren ɗiyar wani babban ɗan kasuwa a Gusau. Imrana ya riga isa. Yana tsaye a ciki ya hango ubansa ya iso kan babur, babbar riga a naɗe a cinya, mai gadin ƙofa ya tare shi ya nuna masa gefen da 'yan acaɓa ke jira. Malam ya jingine babur a can, ya warware rigarsa, ya shigo da ƙafa yana gaisawa da mutane. Imrana ne abin ya tsaya wa a rai. Tun yana makaranta ake kiransa ɗan mahauta da wata irin murya, yau kuma ga wannan.

Bayan sati biyu ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba, ina son ka bar hawan mashin. Gobe mu tai Sakkwato ka zaɓi mota."

"Mi mashin ɗin ya yi maka?"

"Ni bai yi man komi ba. Kai ya yi ma."

Sa'adiya ta ce daga bakin murhu, "Malam, in ba ka so, ni ina so. Na gaji da dafa ruwa." Da haka maganar ta ƙare.

Abokin Imrana, Anwar, dillalin motoci ne a Sakkwato. Ya fito musu da jif biyu 'yan Kwatano. Ɗaya babba ce, baƙa, irin ta manya, kujerun fata masu launin madara, gilashi mai duhu. Ɗayar ƙarama ce, ruwan toka, kujerun yadi, irin wadda ake gani a kowace tasha da kowane garejin bakanike. Malam ya iya tuƙi tun zamanin da ofishinsu ke da akori-kura, don haka ya zagaya da kowace. Ƙaramar ta yi masa daidai, kamar takalmin da aka saba da shi. Amma da ya zauna a babbar, ya rufe ƙofa, sai hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Kujerar ta rungumi bayansa a daidai inda ke ciwo. Ya haye wani rami da gangan, bai ji komai ba. Ya daɗe bai fito ba.

Imrana ya ga fuskarsa, ya yi murmushi. Anwar ya ce, "Baba, ku tai da ita ku yi sati. In ba ta yi ba, ku maido ku ɗauki ƙaramar. Ni da Imrana babu wannan."

Ranar da suka shigo Mafara, unguwa ta fito. Mahauta abokan uban Malam, tsofaffi, suka zo suna shafa ƙofa suna sa albarka. Wani ya ce yau an fitar da su kunya. Malam ya ji daɗi, bai ɓoye ba. Ranar Juma'a ya je masallaci, wani ya matsar da babura aka ba shi wuri a inuwa. Ya kai Sa'adiya Bakura gidan ƙanwarta, ta yi barci a hanya saboda sanyin ciki. Kwana uku bai nemi ruwan zafi ba.

Rana ta huɗu ya nufi Tsibiri, domin ya yi wa wani makiyayi, Manu, alkawarin duba masa maruƙa. Shekara ashirin suna tare. Manu ba ya kiransa komai sai Ɗan Asabe, kuma in ya iso, kafin ya kashe babur an kawo ƙwaryar nono. Wannan karon da motar ta karyo kwana ta nufi rugar, sai ya ga mata sun kwashi yara sun shige bukkoki. Wani dattijo ya zagaya bayan garke. Babu wanda ya fito. A shekarun nan, baƙar mota mai duhun gilashi ba ta cika kawo alheri ruga ba, kuma ya san haka, mantawa ya yi. Sai da ya sauko ya ɗaga murya ya yi sallama sau biyu sannan Manu ya leƙo.

Manu ya dubi motar, ya dubi Malam, sai ya cire takalmi ya russuna.

"Ranka ya daɗe. An zo lafiya?"

"Manu, ni ne fa."

"Na gani, ranka ya daɗe. Allah ya sanya alheri."

Suka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da dabbobi da ruwan bana, amma duk a tsaye. Aka kawo nono a kwanon silba, ba a ƙwarya ba. Malam ya duba maruƙan, ya ba biyu magani. Zai tafi ke nan sai ya ji wani nishi daga bayan bukka. Ya san nishin. Ya zagaya ya tarar da tunkiya a kwance, haihuwa ta gardama, ƙafa ɗaya ta ɗan ta leƙo ta tsaya.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Ina nan tsaye ba ka hwaɗa man ba?"

Manu ya sunkuyar da kai. "Na ga kayan jikinka da motar. Na ce wannan aikin ya yi maka ƙanƙanta yanzu."

Malam ya tuɓe riga, ya wanke hannu, ya durƙusa. Ya gwada iya gwadawarsa, ɗan ya juye, ba ya fitowa sai an yi aiki, kayan aikin kuma suna asibitin dabbobi a Mafara. Ya ce a ɗauko ta a sa a mota. Manu ya rungumo tunkiyar, ya iso bakin ƙofa, ya ga farar fatar nan da shimfiɗar ƙasa mai laushi, sai ya ja da baya.

"A'a. Jini za ta zubar. Bari in nemo mashin."

"Sa ta, Manu."

"Wallahi ba ni iyawa."

Malam ya karɓe ta da kansa ya kwantar a baya a kan rigarsa. Manu ya shiga ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran a kore shi, bai jingina ba har Mafara. An ceci tunkiyar. Ɗan ya riga ya mutu a ciki. Malam bai ce jinkirin ne ya kashe shi ba, domin bai tabbata ba. Amma ya san da a kan babur ya zo, da tun kafin ya sauka an ja shi bayan bukkar.

Washegari ya kai motar wurin Hashimu, bakaniken da ya yi shekaru yana gyara masa babur da motocin unguwa. Ya tambaye shi ra'ayinsa. Hashimu ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Malam, mota ce ta ƙwarai, babu abin kushewa. Sai dai in ta yi tari, Sakkwato ko Kaduna za a kai ta, da na'ura ake duba irinta. Waccan ƙaramar kuwa, ko a Bakura ta tsaya, akwai mai kama ta."

Malam ya yi kwana biyu yana juya abin. Ba ƙaramin abu ne ba ɗa ya ɗauko girma ya kawo wa uba, uban ya ce a mayar. Kuma yana son motar. Da hantsi yakan fito ya zauna a ciki, injin a kashe, hannu a kan sitiyari. Sa'adiya ta same shi a haka ta ce, "Ka riga ka yanke, tsoron hwaɗa ma Imrana kake."

Ya kira Imrana bayan la'asar, suka zauna a zaure. Ya ba shi labarin Tsibiri tun daga farko, bai rage komai ba.

Imrana ya ce, "To don Manu ya ji kunya sai ka bar abin da ya dace da kai? Za su saba, Baba."

"Wataƙila su saba. Kafin su saba, dabba nawa za a ɓoye man?"

"Ka yi ritaya. Ka yi masu shekara talatin da wani abu. Yanzu lokacinka ne." Ya dubi uban. "Ni na ga abin da anka yi maka a Gusau. Ba ka ce komi ba, amma ni na gani."

Malam ya ce, "Na san ka gani. Ya yi man ciwo, kada ka ce bai yi ba. Amma mai gadin nan bai san ni ba, kuma ba ni sake ganinsa. Manu ya san ni shekara ashirin, ran nan ya cire man takalmi. Wannan ya fi yi man ciwo." Ya dafa gwiwar ɗansa. "Motar nan ta fi waccan daɗi, bayana ya shaida. In don ni kaɗai ne, ita zan ɗauka. Amma inda nike zuwa, ita za a riƙa gani, ba ni ba. Kuma ka san hanyoyin nan yadda sunka koma. Ba ni son uwarka ta riƙa tsayuwa a ƙofa duk ranar da na fita."

Imrana ya tashi ya ce sai da safe, ko da yake rana ba ta faɗi ba. Kwana uku bai leƙo gidan ba. A na huɗu sai ga shi da ƙaramar jif ɗin. Ya sa an cire kujerun baya an ajiye, an shimfiɗa roba mai kauri tun daga bayan direba har ƙofar baya, an ɗaura ƙarfe a gefe na ɗaure igiya. Ya miƙa makulli da hannu biyu yana kallon ƙasa.

"Tun da motar awaki kake so, ga ta nan."

Malam ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙugu. Imrana ma bai iya daurewa ba.

Shekara biyu ke nan. Tsofaffin unguwa sun ɗan yi gunaguni, sun ce an mayar da babba an ɗauko ƙarama, daga baya suka bari, domin a cikinta aka kai biyu daga cikinsu asibiti. Ciwon bayan Malam bai warke ba, amma ya yi sauƙi. Motar ta kwashi raguna da awaki da maruƙa da buhunan dusa, ta bi gefen magudanan ruwan Bakolori da damina, ta maƙale a laka sau biyu manoma suka tura ta. In ta ɓullo daga nesa, a Garbadu ko a Tsibiri, ana gane ta, masu dabbobi su fara kwanto marasa lafiya daga turke.

Sa'adiya ce ta kafa doka ɗaya. Ta ce ba ta shiga motar da ke warin bunsuru da kayan fitarta. Don haka duk ranar Alhamis da yamma Malam kan fito da bokiti da omo ya wanke ta ciki da waje da hannunsa, ya bar ƙofofi a buɗe ta sha iska. Wata Juma'a suna hanyar Bakura zuwa suna, ta sha leshi da turare, sai ga wata tsohuwa a bakin titi tana ɗaga hannu, akuya a gefenta ta ɗage ƙafa ɗaya. Malam ya rage gudu, ya saci kallon matarsa. Ta dubi tsohuwar, ta dubi akuyar, ta tattare gefen mayafinta.

"Tsaya mana," ta ce. "Amma ka sauke gilashi."