Ranar da adaftarmu ta kama ta maƙwabciya

A shekarar da ciwon gwiwa ya zaunar da Baba, ƙanena ya haɗa mana sola a gidanmu na Majidaɗi. Inbata da batura suna wani ɗan ɗaki a bayan gida, shi kuwa Baba tsohon ma'aikacin dabbobi ne, ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Sai ƙanena ya ja doguwar waya daga inbatar zuwa tsohuwar kwamfutar da ke gefen gadonsa, don ya riƙa ganin cajin batir daga zaune. Ba a jima ba ɓeraye suka cinye wayar.

Da ƙanena ya zo hutu daga garin Mutum Biyu, inda yake aiki, ya taho da wasu ƙananan adaftoci biyu, kowace kamar akwatin ashana. Ya soka ɗaya a inbata, ɗaya a kwamfuta. Ya ce suna magana da juna ta iska. Idan ƴar fitilar jikinsu tana ƙyaftawa, neman juna suke yi, idan ta tsaya cak, sun haɗu. Baba ya samu abin yi. Kafin a kawo masa koko ya riga ya faɗa mana ko yau za a yi guga.

Wata ranar damina aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Washegari fitilar ta kwamfuta sai ƙyaftawa take yi, allon kuma fayau. Ni ce ke gida, don haka na kira ƙanena.

"Yaya, nemi allura," in ji shi. "Akwai ɗan rami a gefenta. Danna ciki ki riƙe har fitilar ta yi sauri, sannan ki saki. Za ta manta komai ta sake nema."

Na yi yadda ya ce. Jim kaɗan fitilar ta tsaya, lambobi suka dawo. Baba ya ce, "Useko," wato na gode da Fulatanci, kamar yadda yake yi idan ya ji daɗi sosai.

Sai dai lambobin ba su yi masa ba. Rana tsaka, gari ya washe, amma batir sai ƙasa yake yi. Ya sa na kashe fanka, na kashe firij, har cajar wayata na zare. Babu abin da ya canza. Daga ƙarshe na je bayan gida na kashe inbatar gaba ɗaya, na zare adaftar da ke jikinta, na kawo masa a tafin hannuna. Lambobin suna nan suna motsi.

Da na sake kira, ƙanena ya yi ta dariya kafin ya iya magana. Ashe ya haɗa wa maƙwabciyarmu irin wannan sola da irin waɗannan adaftoci. Ɗanta ya tafi makaranta da kwamfutarsa da ɗayar, ya bar ta jikin inbata ba ta da abokiyar haɗi. Da na sa tamu ta manta komai, sai ta kama wadda ta fara samu, ta bayan katanga. Batirin da Baba ke ta fama da shi tun safe ba namu ba ne.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "To nata ne ke mutuwa ke nan. Je ki gaya mata."

Maƙwabciyar tamu tsohuwar nas ce, Mumuye, muna ce mata Mama, ita kaɗai take zaune. Na same ta tana shanya gyaɗa. Da na yi mata bayani, ta ajiye kwaryar.

"Shi ya sa firij na yana mutuwa yana tashi," ta ce. "Allurar suga na yana ciki, ƴata."

Nan take na kwaso maganin na kai firij ɗinmu, na kunna inbatarmu. Da la'asar mai gyara ya hau rufinta, ya tarar iska ta fizge wayar faifan sola, tun jiya ba abin da ke shiga batirin.

Bayan ya sauko muka zauna a tabarmarta, ni da ita, ƙanena na kan waya. Muka zare tata adaftar tukuna. Na danna allura a namu biyun, na ajiye su kusa da juna a jikin caja har fitilunsu suka tsaya tare. Sannan ya bi da ni a kwamfuta na canza musu lambar sirri, don kada su sake kama ta wani. Mama tana riƙe min da allurar, tana ta tambaya. Ta ce ita ma sai ta gwada da hannunta, ta kuwa gwada a tata.

Da zan tafi ta ce, "Da kin bar Baba yana duba nawa. Ni idona ba ya ganin ƙananan lamba."

Na faɗa wa Baba. Ya ce a tambayi ƙanena ko zai yiwu. Ya yiwu. Da ya zo ƙarshen wata ya kawo wata adaftar, ya bar ni na haɗa ta da ta Mama ni kaɗai, yana tsaye bai sa baki ba.

Yanzu Baba gida biyu yake dubawa. Jiya da hantsi na ji ya buɗe taga yana ɗaga murya ta kan katanga, yana gaya mata batirinta ya cika, in tana da niƙa ta yi yanzu. Ta amsa cewa ta ji, kuma akwai kunun gyaɗa, ya aiko a karɓa.