Jakar Gudun Inna

Idan ka shiga Ruwan Godiya ka tambayi gidan Gide mai shanun huɗa, za a nuna maka gidan ƙarshe, wanda danga kawai ta raba shi da daji. Gide ƙato ne, shiru-shiru, ya haura arba'in. Shi ne ɗan farin Inna Hajaratu, kuma saboda kunyar ɗan fari tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Kai" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "wannan". Autanta Mas'udu kuwa, mai cajin waya a bakin kasuwa, a wuni sai ta kira sunansa har kunne ya gaji. Gide ya san al'ada ce. Sanin bai hana abin ci masa rai ba.

Duk shekara in ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya sai sun saka wa daji wuta. Gide ke share bayan danga, ya kewaye rumbuna da fartanya, ba mai ce masa sannu. Bara wutar ta lashe rumbun maƙwabta, shi ya sa bana Inna ta ce a haɗa mata jakar gudu.

A tsakar gida aka baje kayan: maganin hawan jininta, katin ɗan ƙasa, tocila, carbi, ƙuli-ƙuli, zane biyu. Daga ƙarshe ta ciro farin yadin da ta ajiye don likkafaninta, ta ninke da hannunta ta sa a ƙasan jakar. Gide na tsaye, har ya goge tafin hannu a riga.

"Mas'udu, amshi," in ji ta. "In wuta ta taso, kai za ka riƙe mani."

Wai Mas'udu! Yaron da ko buhun masara bai iya cicciɓa. Gide ya koma wajen shanunsa zuciya na tafasa. Kishi ne tsagwaronsa, na ƙato da gemu a kan jakar leda mai zif. Kullum ya wuce ɗakin ƙanen sai ya hango ta rataye a ƙusa, har gaisuwar Mas'udu ya koma amsawa da hanci.

Wata Talata bayan azahar hayaƙi ya turnuƙe gabas, iska kuma ta juyo da wutar zuwa gari. Matar Gide ta kora yara da shanu zuwa fadama. Mas'udu ya fito da jakar rungume a ƙirji. Inna na zaune bakin ƙofarta, gwiwoyin nan sun daɗe da ƙin tafiya, hanyar fadama kuwa duk kunyoyin gona ce, babur ba ya bi.

Ta dubi Gide, abin da ba ta cika yi ba.

"Kai, duƙa. Mi kake jira? Don wa na bar hannunka wofi?"

Ya duƙa, ta hau bayansa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yana tsallake kunyoyi, hannunta na wuyansa, numfashinta na bugun kunnensa, sai ya ji wani sanyi a ransa. Ashe shi ta ware wa kanta. Ya rage sauri kaɗan, yana jin ko yau, cikin wannan ruɗani, bakinta zai suɓuce ta faɗi sunan.

Da suka kusa fadama ta motsa, ta gyara murya. Gide ya kasa kunne.

"Mas'udu," ta ce tana waiwaye, "jakar ba ta yi maka nauyi ba ko? In ka gaji miƙo ma wannan."

Gide ya gyara goyonsa, ya miƙa hannu ɗaya baya ya karɓi jakar.