Jiniyar Masaƙarmu

A masaƙar da na yi aiki a Sharada, ni ne mai kaɗa jiniya. Ta hannu ce, a kan rufin ɗakin inji. Idan na murɗa ta, masu aikin safe su fito, na yamma su shiga. Matan unguwa ma da ita suke ɗora tukunya.

Da masaƙar ta durƙushe, ni na nuna wa 'yan gwangwan inda za su yanka injinan, don na san gaɓoɓinsu. Jiniyar kaɗai na hana. Na kai ta gida, ta zauna bayan randa, kaji na kwana a kanta.

Bara jikar wani abokin aikina ta zo, ma'aikaciya ce a gidan tarihi na cikin birni. Ta ce ana sake tsari: maimakon a jibge komai wuri guda, kowane ɗaki zai ba da labari ɗaya. Nata na saƙa ne, tun daga mazari.

"Baba, ko ƙusar inji ce ku ba ni. In ban kawo komai daga Sharada ba, a kan saƙar hannu za a rufe ɗakin, kamar ku ba ku taɓa saƙa ba."

Na ce, "Injinan da hannuna na miƙa su, 'yar nan. Amma zo ki gani."

Ta dubi jiniyar, ta tuntsire da dariya. "Baba, wannan gadon kajin? Ai ba ta saƙa ko zare."

"Ba ta saƙa. Amma ba wanda ya taɓa kunna inji sai ta yi magana."

Na kankare kashin kajin, na ɗiga mata baƙin mai, na murɗa. Ta fara gurnani, sannan ta buɗe murya. Maƙwabciyata, tsohuwar da ta daɗe tana sayar mana da abinci a ƙofar masaƙa, ta leƙo ta katanga.

"Malam, an buɗe ne? In jiƙa wake?"

Yarinyar ta daina dariya. Ta fita ta tsayar da a-daidaita-sahu, muka ɗora jiniyar tare.

Yanzu jiniyar tana ƙarshen ɗakin saƙa. Sharaɗi ɗaya na kafa: kada a rufe ta a gilashi. Duk ranar da 'yan makaranta suka zo, ni ake aika wa in je in murɗa.