Koriyar Rigar Alhaji Issufu

Shekara goma sha tara ina aikin mashinis a gidajen wasan kwaikwayo na ƙasar nan ta Faransa, yawancin ranakun sun haɗe sun zama rana guda a kaina: ɗauki, ajiye, ɗaure, kwance. Amma akwai wata Asabar da Lahadinta a Villeurbanne, gefen Lyon, cikin watan Maris, da har gobe ba su fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin bana, ku saurara sau ɗaya, ba na maimaita magana.

Mashinis shi ne mai loda kayan dandamali a kamiyo, wato babbar mota, ya sauke, ya kafa bango da ƙofa na ƙarya, ya canja su tsakanin fitowa da fitowa. Baƙaƙen kaya muke sawa don kada a gan mu. Sama da mu akwai rejisar, mai ba da umarnin wuta da labule, sama da shi sai mai tsara wasan. Sunan kowa na kan afish, takardar tallar wasa, ban da namu. Ni a aji shida na bar lakwal a Tasawa, shi ya sa yara uku da na koya wa riƙon guduma suka zo suka zama shugabannina da takarda. Ƙorafi nake, na sani, amma ba shi ne labarin ba.

A shekarar ina tare da wata ƙaramar ƙungiya a Paris. Mai tsara wasan yarinya ce, Rakiya, haifaffiyar unguwar Les Minguettes a gefen Lyon, iyayenta mutanen Maradi. Ta ɗauko wani tsohon littafin soyayya na Ingila, irin wanda kowa ya juya: Indiyawa sun yi nasu da rawa, Amurkawa sun yi nasu a ofis. Budurwa mai kaifin baki, saurayi mai ɗaga hanci, su yi ta faɗa har su gano suna son juna. Ni ban karanta ba, ba zan yi ƙarya ba. Rakiya ta kwaso labarin ta sauke shi cikin gidan Hausawa a hawa na tara. Keken doki ya koma tiram, jirgin ƙasan cikin gari, wasiƙa ta koma saƙon murya a waya, rawar masu kuɗi ta koma biki a zauren haya da shinkafa cikin kula. Sati uku muka yi a Paris, mutane na dariya inda ya kamata. Daga nan sai Lyon, garinsu.

Duk ƙungiyar ta san abin da ke jiran ta a can. Ubanta, Alhaji Issufu, ya sa ta karatun harhaɗa magani, ta bari a shekara ta uku ta bi wasa. Bai kore ta ba, bai zage ta ba. Shiru ya yi. Shekara shida, in ta je gida ta gaishe shi ya amsa, ya tashi ya shiga ɗaki. Tun kwana uku kafin mu taso ta daina cin abinci sai kofi.

Ranar Asabar da hantsi muna montaj, wato kafa kaya, katako ya faɗo min a ƙafa bakin ƙofar baya. Na saki wani ashar da Hausa wanda ba zan maimaita ba. Sai na ji an ce, "Subhanallahi. Ɗan ina ne?"

Dattijo ne tsaye cikin doguwar riga da kwat a sama, da jakar leda a hannu. Kunya ta kama ni. Na rusuna muka gaisa, gida, aiki, gajiya, sanyi, labarin ƙasa, har ya gano ya san wani kawuna a kasuwar Tasawa. Minti goma bai ambaci abin da ya kawo shi ba. Ni kuwa tun daga idanun na gane uban wa ne.

"Malam Lawali," ya ce, "na ga hotonku manne a tashar tiram. Wannan da kuka sa ya zama uban gida, wa ya ba shi rigar da ke jikinsa?"

"A Paris aka saya, Alhaji."

"Ai na gani. Uban 'yan mata ba ya zama a falo da rigar masu sayar da lema." Ya miƙo ledar. "Ku ba shi wannan. Ranar sunan yarinyar nan na fara sa ta. Gobe ƙarfe uku ko? Hajiya ta matsa sai mun zo."

Bai ce a kira ta ba, bai kama sunanta ba. Ɗiyar fari ce, ba zai kama ba. Ya juya ya tafi.

Na kai wa Rakiya a ɗakin kaya. Babbar riga ce ta shadda, aiki ya cika ƙirjin, ƙamshin turaren akwati na tashi. Ta dube ta, ta jefar bisa kujera. Tonton take kira na, wato kawu.

"C'est pas vrai! Tonton, ka gani ko? Shekara shida bai ce min uffan ba, yau da ya buɗe baki sai don ya nuna ban iya kostim ba, ban san kayan da zan sa wa 'yan wasa ba!"

Na ce, "Ke dai da karatunki, wawiya ce."

Ba a gaya wa mai tsara wasa haka. Rejisar da ke gefe bai ji Hausa ba amma ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kin ɗauka zai zo da fure ya rungume ki kamar uban 'yar Faransa? Mutumin nan ya buɗe akwati ya ciro rigar da ya sa ranar da aka raɗa miki suna, ya hau tiram da ita, ya tsaya a ƙofar shara yana gaisawa da ni. Me kike so kuma, ya rubuto a jarida? Iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa ke nan. In ya zauna gobe bai ga rigar nan bisa dandamali ba, kin ba shi amsa, kuma ba zai sake tambaya ba."

Ta zauna. Ta jawo rigar ta ɗora bisa cinya tana shafa aikin. Can ta ce a kira Firmin.

Firmin shi ne mai fitowa a uban, tsoho ɗan Martinik, shekara talatin da wani abu a wasa, mutumin kirki. Yana shigowa ya ga rigar ya ja da baya kamar ya ga maciji. A nan ne na dubi launinta da idon ma'aikaci. Koriya ce shar.

Wanda bai san aikin nan ba zai ce wasa nake. 'Yan wasan Faransa ba sa sa kore bisa dandamali, sun ce masifa yake jawowa. Ka tambayi dalili, kowa da labarin da zai ba ka. Mutum ne zai ce maka bai yarda da Allah ba, amma ka nuna masa koren ƙyalle ya fara gumi. Rakiya ta roƙe shi, ta yi masa bayanin uban da shekara shidan. Idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannunta ya ce, "Ɗiyata, in kina so in fito tsirara zan fito. Wannan dai a'a."

Na ce da shi, "Firmin, mutanenmu suna zuwa Idi da kore, ba wanda rufi ya faɗo wa."

"A masallaci ke nan, Lawali. Nan ba ikon masallaci ba ne."

Rejisar ya ce ko a rataye ta a bango kamar ado. Na ce in Alhaji ya ga rigarsa a rataye kamar ta mamaci, gara ma a ce ta ɓata.

Akwai abin da na haɗiye tun Paris, don ba a tambayi mashinis ba. A ƙarshen wasan saurayin na zuwa gaban uban ya ce yana son ɗiyarsa, uban ya tashi ya haɗa hannunsu yana hawaye. Kullum ina bayan labule ina cizon leɓe. Ranar na fasa.

"Tunda yau na riga na zage ki, bari in ƙarasa. Ƙarshen wasanki na Ingila ne, ba namu ba. A gidan uban wa kika ga uba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa? Baffa ke bayarwa, ƙanen uba ko wansa. Uban ma ba ya zama a wurin, sulalewa yake."

Rakiya ta ɗago. Ta dubi rigar, ta dubi Firmin, ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da nake yi wa katako in ina auna ko zai shiga kamiyo.

"A'a," na ce. "Kada ma ki fara."

"Tonton, kai ne baffan, kai za ka sa rigar. Jimla ɗaya ce."

Muka gwada sau huɗu da yamma. Firmin ya ce kore a jikina matsalata ce, muddin akwai taku uku tsakaninmu. Da aka ce masa zai tashi ya fice ya laɓe bayan ƙofa yana saurare, 'yan kallo na ganinsa mu ba ma gani, sai ya fara murna, wai shekara goma bai samu abu mai daɗin wannan ba.

Lahadi ƙarfe uku zaure ya cika, rabi mutanen unguwarsu ne. Ta ramin labule na hango Alhaji a layi na biyar, hannu harɗe, fuska ba labari. Na yi canjin kayana guda bakwai cikin baƙi kamar kullum. Saura minti huɗu na zura rigar bisa kayan aiki. Ta fi ni tsawo. Na fito, wuta ta doke ni a ido, na take gefen rigar na yi tangal-tangal, na ji Firmin bayan ƙofa ya ja numfashi yana kiran waliyyansa. Na dai tsaya. Na zauna a kujerar uban, na bar yaron ya gama surutunsa, na ɗan ja lokaci kamar yadda na ga baffanni na yi. Sannan na ce da Hausa, "Mun ba ku. Ku riƙe amana."

Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa. Wannan ba ya cikin takarda.

Bayan an tashi na naɗe rigar na fita ƙofar baya. Alhaji na nan, Hajiya na gefe, Rakiya ta fito ta rusuna ta gaishe su tana kallon ƙasa. Ni ya fuskanta.

"Malam Lawali, ɗan Tasawa guda bai iya babbar riga ba? Tattaro ta ake yi a ɗora a kafaɗa. Kawo ka gani." Ya warware ta, ya zura min a wuya nan bakin titi, ya kama hannun dama ya naɗe, ya kama na hagu. "Wasa nawa ya rage muku?"

"Goma sha ɗaya, Alhaji."

"To ku riƙe ta har ku gama. Kada a sa ta a injin wanki." Ya juya kamar zai tafi, yana duban kamiyo ya ce, "Uwarki ta yi tuwo. In kin sallami ma'aikatanki ki zo, ina so in ji yadda aka yi littafin Turawa ya san halin gidana tun ba a haife ni ba."

Rakiya ta ce, "To, Baba."

Ni kuwa na cire rigar na koma ciki, don bango ba ya kwance kansa.

Ga abin da na ɗauka, ku ma ku ɗauka in kuna so. A aikin nan kowa na da abin da ba zai iya ba ko za a yanka shi, tsoho Firmin da korensa, Alhaji da bakinsa. Na yi shekaru ina yi wa irinsu dariya. Ba aikinka ba ne ka canja su. Aikinmu na bayan labule shi ne mu nemo ta inda kayan za su shiga ba tare da an fasa ƙofa ba. Kuma in kun ga abu ba daidai ba a wasa, ku faɗa tun Paris. Kada ku yi irin tawa, sati uku ina cizon leɓe don na ɗauka mai baƙaƙen kaya ba shi da baki.